Idon da Ke Karanta Bahar Maliya

Duk alhajin da jirginsa ya doshi Jidda da rana, in dai kujerarsa na jikin taga, ya ga abin nan: teku mai shuɗin da ya kusa komawa baƙi, sai kuma wasu zirare kore, wasu fari-fari, wasu ruwan ƙasa, sun miƙe daura da gaɓa har iyakar ganin ido. Akasarin mutane kan ce Masha Allah, su ɗauki hoto. Amma akwai waɗanda, tsawon shekaru fiye da dubu, waɗannan launuka su ne abin da ke tsakaninsu da halaka, su da duk wanda suka ɗauko. Mutanen wannan gaɓa suna kiran irin wannan gwani rubban. Shi ne ke tsayawa a goshin jirgi, ko ya ɗare jigo, idonsa na kan ruwa, yana gaya wa mai juya jirgin inda zai bi. Shugaban jirgi kuwa nahuda ake ce masa, kuma a ƙananan jirage sau da yawa mutum ɗaya ne ke riƙe da muƙaman biyu.

Sai an san irin wurin da Jidda take kafin a gane nauyin da ke kansa. A shekara ta 26 bayan Hijira, wato 647, Halifa Usman ɗan Affan, Allah Ya ƙara masa yarda, ya mayar da tashar jiragen Makka daga Shu'aiba zuwa Jidda. Ta tudu wurin ya yi daidai, amma ta ruwa shigarsa na cikin mafi wuya a duk Bahar Maliya. Duwatsun murjani sun yi wa garin ganuwa a ƙarƙashin ruwa, jeri uku kusan daura da juna, kowane jeri da 'yar ƙofarsa, kuma ƙofofin ba sa kallon juna. In jirgi ya shige ta farko, sai ya karkata ya bi lungu ya nemi ta biyu, dama da hagunsa duk dutse ne mai kaifi. A 1517 Lopo Soares ya kawo rundunar jiragen yaƙin Fotugal da nufin cin Jidda. Da ya ga hanyar shiga ƙunci gare ta, tana lanƙwashe-lanƙwashe a gaban bakin igwar Salman Ra'is mai tsaron garin, bai iya kai jiragensa bakin gari ba, ya juya.

Murjanin nan ba irin jan da matanmu ke ratayawa a wuya ba ne, wancan daga Bahar Rum ake samo shi. Wannan gini ne na wasu ƙananan halittu masu taushin jiki, da ke fitar da alli su yi wa kansu mazauni, na baya su ɗora a kan na gaba, har dubban shekaru su tara dutse. A cikin naman jikinsu akwai wata gansakuka da ido ba ya gani, ita ke sarrafa hasken rana tana ciyar da su. Shi ya sa murjani kullum sama yake nema, wajen haske, sai ya zo dab da fuskar ruwa sannan ya tsaya. Bai fito fili ya zama tsibirin da za a hango ba, bai kuma nutse yadda jirgi zai wuce ta kansa ba. Larabawa suna kiran irin wannan dutse shi'ib, kuma kusan kowanne da sunansa: Abu Madafi', Abu Faramish, Shi'ib Nazar, Shi'ib Habil.

A sauran tekuna matuƙi yana da igiya mai darma a baki. Yakan shafa kitse a gindin darmar ya jefa, ya ƙirga gaba nawa ta nutse, ya kuma duba abin da ya manne: yashi ne, laka ce ko ɓawon katantanwa. Ƙasan teku na tasowa sannu a hankali, gaba hamsin, arba'in, ashirin, mutum ya san yana kusantar tudu tun da sauran lokaci. A nan igiyar ba ta cika yin gargaɗi ba. Shi'ib yakan taso tsaye daga zurfi, ta yadda a wuri ɗaya darma za ta kasa taɓa ƙasa, tsawon jirgi biyu a gaba kuma ruwan bai kai ƙugu ba. Abin da ya rage wa rubban shi ne idonsa.

Ga yadda yake karatun. Shuɗi mai duhu zurfi ne, a wuce da kwanciyar hankali. In shuɗin ya fara washewa, ƙasa na matsowa. Kore garau yashi ne a ƙarƙashin ruwan da bai yi zurfi sosai ba, kuma daga hasken koren gwani kan ƙiyasta ko gaba biyar ce ko uku, ko jirgi mai kaya zai wuce ko sai wanda ba ya ɗauke da komai. Fari-fari ruwan kwalekwale ne kawai. Wanda ake tsoro shi ne ruwan ƙasa mai sirkin rawaya, domin wannan kan murjanin ne da kansa, taƙi kaɗan a ƙarƙashin ruwa. Faɗin haka ba wuya. Wuyar tana wajen rarrabe abubuwan da suka yi kama da juna. Ciyawar teku a kan yashi ita ma takan yi duhu, alhali ba ta cutar da jirgi. Inuwar gajimare takan sauka a kan ruwa ta yi tabo kamar shi'ib, sai rubban ya ɗan dakata ya ga ko tabon na tafiya. Wani lokaci kuma wata ƙwayar halitta mai shawagi takan yi yawa ta shimfiɗu a kan ruwa, ja-ja ko ruwan ƙasa, a tsakiyar zurfin da babu dutse ko ɗaya. Masana da yawa na ganin daga jan wannan halitta ne Turawa suka samo sunan da suke kiran tekun. Baƙon matuƙi yakan firgita ya kauce mata, wani lokaci ya kauce zuwa inda haɗarin gaske yake. Ɗan gida yana gane ta daga yadda take zirara da iska.

Duk wannan karatu kuma yana da lokacinsa. Sai rana ta ɗaga, daga hantsi zuwa kusan la'asar, kuma sai tana bayan mai dubawa. In tana gabansa, ruwan ƙyalli kawai zai yi, komai gwanintarsa ba zai ga abin da ke ƙasa ba. Jidda na gaɓar gabas, don haka mai shiga gabas yake fuskanta, ya fi masa ya jira rana ta karkata bayan azahar. Mai fita kuwa yamma zai dosa, da safe ya kamata ya tashi. A Sawakin, a tsallaken Sudan, lissafin sai ya juye. Wani abu da wanda bai san teku ba ba zai yi zato ba shi ne, ranar da ruwa ya kwanta luf babu iska, ranar ce rubban ya fi ɗar-ɗar. Ruwan yakan mayar da hoton sama ya ɓoye cikinsa, kuma babu igiyar da za ta fashe a kan dutse ta yi farin kumfa. 'Yar iska mai kaɗa fuskar ruwa ita ce abokiyar aikinsa. Yana kuma hawa sama ne domin kowane kamu da ya ƙara a kan jigo yana ƙara masa nisan da zai hango ƙasan ruwa.

Da ruwan nan gurɓatacce ne, da wannan sana'a ba ta yiwu ba. Abin da ya sa yake garau kuwa shi ne babu kogi ko ɗaya mai gudu duk shekara da ke zuba a Bahar Maliya, duk da tsawonta ya kai kimanin kilomita 2,000. Hamada ce ta kewaye ta gabas da yamma. Ruwan saman da Jidda ke samu a shekara bai kai milimita 100 ba, Kano kan ninka shi fiye da sau goma. Babu laka, babu taki mai yawa da zai sa ruwa ya yi kauri da ƙananan halittu, sai haske ya riƙa ratsawa har mita talatin ko fiye. Ga rana tana ɗauke ruwan da ya kai kaurin mita biyu daga fuskar tekun kowace shekara, ta bar gishirin. Lita ɗaya ta ruwan manyan tekuna na ɗauke da gishiri kimanin giram 35, ta nan kuwa ta kai 40, a arewa har ta ɗan ɗara. Abin da ke cike giɓin shi ne ruwan da ke shigowa daga Tekun Indiya ta mashigin Babul Mandab, wanda faɗinsa bai wuce kilomita 30 ba. Wannan haske da ɗumi su suka raya murjanin da ke fasa jirgi, su ne kuma suka ba rubban damar ganinsa.

In rana ta yi ƙasa, ido ya daina aiki, tafiya ma ta tsaya. Ibn Battuta, da ya bi tekun nan a ƙarni na 14, ya ba da labarin cewa da rana kawai ake tafiya, a tsaya da dare, rubban kuwa ba ya barin goshin jirgi. To ina ake kwana? Nan ne sani na biyu yake shigowa. Gaɓar Hijaz da ta Sudan na da wasu lunguna da teku ya kutsa cikin tudu, masu ƙunci a baki da zurfi a ciki, ana kiransu sharm ko marsa. Dole rubban ya haddace su a jere, ya san nisan da ke tsakanin wannan da wancan, wanda ke da rijiya kusa, wanda ƙasansa ke riƙe anka, ya kuma auna tafiyar yini yadda zai isa bakin ɗaya tun rana na nuna masa hanya. In lissafi ya ƙwace, sai a laɓe a bayan wani shi'ib ta gefen da iska ba ta bugawa, wani matashi ya faɗa ruwa ya maƙala ƙugiya a jikin dutsen.

Waɗannan lunguna suna da tarihin da ya girmi duk wani jirgi. Kimanin shekaru 20,000 da suka wuce, a ƙarshen zamanin ƙanƙara, ruwan duniya mai yawa ya daskare a arewacin Turai da Amurka, tekuna suka ja da baya da wajen mita 120. A kudancin Bahar Maliya, kusa da tsibiran Hanish, akwai wani tudu a ƙarƙashin ruwa da zurfinsa bai wuce mita 137 ba. Ke nan saura ƙiris tekun ya yanke daga sauran tekuna. Ruwan da ke shigowa ya ragu ƙwarai, gishiri ya haura giram 50 a lita, halittu da yawa suka ƙare. Masu bincike da suka haƙo lakar ƙasan tekun sun tarar da wani sashe nata babu ɓawon wasu ƙananan halittu da suka cika na sama da na ƙasa da shi. A wancan lokaci gaɓar Jidda tana can gaba da inda take yau, kwaruruka masu gangarowa daga duwatsun Hijaz kuma suna ta zaizaye hanyarsu zuwa gare ta. Da ƙanƙara ta narke, teku ya dawo ya cika bakunan kwarurukan. Yawancin sharm haka suka samu. Kuma da yake murjani ba ya shiri da ruwan daɗi da laka, ambaliyar da kan biyo kwarin jefi-jefi ta taimaka wajen barin ƙofa a buɗe a jikin dutsen. Rubban bai san zamanin ƙanƙara ba, amma ya san in ya hango bakin kwari a tsakanin tsaunuka, a daidai nan zai nemi mashiga.

Ɗaya daga cikin waɗannan lunguna shi ne Sharm Obhur, arewa da Jidda, inda yau gidajen shaƙatawa suka cika. A nan jirgin Ibn Jubair ya tsaya a 1183, bayan ya taso daga Aizab a gaɓar Afirka ya sha fama da iska fiye da mako guda. Wannan malamin Andalus bai ji daɗin tafiyar ba ko kaɗan. Ya yi tir da masu jiragen da ke cusa alhazai kan juna saboda kwaɗayin kuɗi. Duk da haka bai iya ɓoye mamakin matuƙan ba, har ya kamanta yadda suke sarrafa jirgi a cikin ƙuncin duwatsu da yadda gwanin mahayi ke juya doki mai jin linzami. Jirgin da ya hau, jalba, babu ƙusa ko ɗaya a jikinsa. Da igiyar ɓawon kwakwa aka ɗinke katakan, aka shayar da su mai, wanda aka fi so shi ne man kifin ƙirshi, domin jikin jirgin ya yi taushi. Filafilansa kuwa saƙar kaba ce, ta goribar nan da muka sani. Dabarar a fili take: jirgin da ke lanƙwasa yakan gogi dutse ya tsira, inda mai tauri zai tsage.

Sani na uku na iska ne, kuma shi ya yi wa Jidda arziki. A rabin tekun na arewa, iskar arewa maso yamma ce ke busawa kusan duk shekara. A rabin kudu kuwa iska na bin damina da ranin Tekun Indiya: daga wajen Oktoba zuwa Mayu tana tasowa daga kudu, da tsakiyar zafi ta juya. Iyakar waɗannan iskoki biyu tana kudu da Jidda kaɗan. Manyan jiragen Indiya, masu ɗauke da yadi da kayan yaji da shinkafa, iskar kudu kan kawo su har Jidda a ƙarshen hunturu, daga nan gaba kuma sai kokawa da iskar da ke gabansu. Don haka a nan suke sauke kaya, su jira ta arewa ta mai da su gida. Ƙananan jiragen 'yan ƙasa ne ke ɗaukar kayan zuwa Yanbu da Suwais, suna raɓe a ririn da ke tsakanin shi'ib da gaɓa, inda ruwa ke kwance, suna cin moriyar iskar da kan taso daga tudu da asuba. Mutanen Jidda har yau sun san azyab, iskar kudu mai zafi da ƙura, da kan taso ta birkita teku. Gwani yakan ji zuwanta a jikinsa, daga nauyin iska da hazon da ke taruwa a kudu, ya nemi mafaka tun kafin ta iso.

Iskar nan har tsayin ruwa take canzawa. Cikowa da janyewar teku ta kullum a Jidda ba ta taka kara ta karya ba, da ƙyar take wuce taƙi ɗaya. Amma da hunturu iskar kudu na tura ruwa ciki ta Babul Mandab, da zafi kuma ta arewa ta kore shi, har bambancin ya kusa rabin mita. Lungun da jirgi ya wuce lafiya a Janairu yana iya kama shi a Agusta, lokacin da kan wasu duwatsun ke fitowa fili.

Kada a ɗauka wannan sani na ka ne kawai. Ahmad ɗan Majid, shahararren matuƙin nan na ƙarni na 15, ya rubuta littafinsa na ilimin teku wajen 1490, ya kuma keɓe babinsa na ƙarshe ga wannan teku da hanyoyin zuwa Jidda. A ciki akwai yadda ake auna tsayin tauraron arewa da yatsu domin sanin inda jirgi yake in ya ratsa tsakiya ba ya ganin tudu, da siffofin tsaunukan da ake gane gaɓa da su. Da Ingilishi suka tashi zana taswirar Bahar Maliya saboda jiragensu masu tururi, daga 1829 zuwa 1834, ƙarƙashin Robert Moresby da Thomas Elwon, da matuƙan ƙasar suka yi aikin, kuma duk da haka ɗaya daga cikin jiragensu biyu, Benares, ya sha hawa dutse.

Mu Hausawa muna da bashin waɗannan mutane a wuyanmu. Kakanninmu da suka tafi Makka a ƙasa, ta Barno da Wadai da Darfur da Lubayya, wasu suna tsayawa shekaru suna aikin auduga a Jazira don tara guzuri, duk a bakin wannan ruwa tafiyarsu ke tsayawa. Haka ma jama'ar da suka yi gabas bayan yaƙin Burmi a 1903, waɗanda da yawansu suka zauna a garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Tsakanin Sawakin da Jidda kilomita 300 ne da 'yan kai. Mai hali yakan hau jirgin tururi. Wanda kuɗinsa bai kai ba, ko ba shi da takarda, sambuk, ƙaramin jirgi mai filafilai, yake shiga daga wata marsa da ke ɓoye, a sauke shi wajen Lis ko Ƙunfuza, kudu da Jidda, ya ƙarasa da ƙafa. An samu azzalumai a cikin masu jiragen, waɗanda suka yasar da bayin Allah a inda babu ruwan sha, har da waɗanda suka sayar da mutane, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Amma dubban da suka isa lafiya, mutumin da ya girma yana ganin ruwa a gulbi da tafki kawai, ya damƙa ransa da na iyalinsa ga wani baƙo mai tsaye a goshin jirgi, idon wannan baƙon ne Allah Ya sa ya zama sanadi. Ko masu jirgin tururin ma ba su tsira daga buƙatarsa ba, domin har tsakiyar ƙarni na 20 manyan jirage nesa da gari suke tsayawa, sambuk ne ke kwaso alhazai ya ratsa da su ƙofofin murjani zuwa tudu.

Masunta su ne suka fi riƙe wannan ilimi a yau. Wanda ya je Bangala, babbar kasuwar kifin Jidda, da sassafe lokacin gwanjo, zai ga sakamakonsa a shimfiɗe: najil ja mai ɗigon shuɗi, wanda ya fi kowane tsada, da sha'ur, da sijan, da harid mai baki irin na aku. Najil a gefen shi'ib yake zama, inda dutse ke gangarawa zurfi, kuma da zare da ƙugiya ake kama shi. Yatsa ne ke jin taɓawarsa, sai a fizgo nan take, in an yi jinkiri ya shige rami murjani ya yanke zaren. Tun kafin na'urar nuna wuri, masunci kan koma daidai ramin da ya yi sa'a jiya ta hanyar daidaita ƙololuwar wani tsauni da wata hasumiya, sannan wani tsaunin da wata alama. Wasu sukan leƙa ƙasa da gwangwanin da aka sa wa gilashi a gindi. Harid kuwa gurgurar murjani yake yi yana cin gansakukar da ke kai, ya fitar da garin dutsen, kuma wani kaso na farin yashin da ke ba ruwa launin kore daga cikinsa ya fito. Masunta sun san watan da kowane kifi ke taruwa don zuba ƙwai da inda yake taruwa. Mutanen tsibiran Farasan sun mai da zuwan harid wani lungu nasu a kowace shekara, wajen watan Afrilu, ya zama biki. Hukuma ma kan hana kamun najil a watannin da yake hayayyafa, kuma sana'ar har yau tana da shehinta mai sasanta 'ya'yanta.

Akwai wata shaida da nake jin daɗin ambatonta. A ƙarshen 1762 wani matashin masani ɗan Suwidin, Peter Forsskal, ɗalibin Linnaeus, ya sauka Jidda cikin ayarin binciken da sarkin Denmark ya tura. Ya yi makonni yana bin masunta da kasuwa, yana rubuta siffar kifaye da sunayen da aka gaya masa. Ya rasu a Yarim ta ƙasar Yaman a 1763, Carsten Niebuhr, wanda shi kaɗai ya koma gida da rai daga ayarin, ya buga aikinsa a 1775. Har yau littattafan kimiyya na duniya suna kiran wasu kifaye da harid da sohal, dangin sijan duka da sunan da aka ciro daga sijan, wani babban kifi kuma yana ɗauke da sunan Jidda kanta. Masuntan da suka rarrabe masa su ba a rubuta sunan ko ɗayansu ba.

Tekun na ɗauke da kifi fiye da iri dubu, kuma sama da kashi ɗaya cikin goma ba a samunsu ko'ina sai nan, sakamakon daɗewar da ya yi a keɓe. Akwai kunkurun teku, akwai wani ɗan'uwan ayu da ke kiwo a ciyawar ruwa, akwai kifin da ya fi kowane kifi girma a duniya, wanda ƙananansa kan taru a Shi'ib Habil kusa da Lis a watannin Afrilu da Mayu. Baƙin carbin yusur da tsofaffin alhazai ke ji da shi, wani irin murjani ne da masu nutso ke cirowa daga ƙasa. Can inda ido ba ya kaiwa kuma wata duniya ce. Afirka da yankin Larabawa suna rabuwa da kusan santimita ɗaya a shekara, tsagin da ke tsakaninsu ne ya zama tekun. A tsakiyarsa, daura da Jidda, zurfin mita 2,000, jiragen bincike sun gano a shekarun 1960 wani rami mai ruwan gishiri da zafinsa ya haura digiri 60, wanda aka sa wa sunan jirgin Amurka Atlantis II. Ko sauran ruwan ƙasan tekun ma bai sauka ƙasa da digiri 21 ba, alhali a manyan tekuna irin wannan zurfi kusa yake da daskarewa.

Abin da ke damuna shi ne launukan da kansu sun fara canzawa. In zafin ruwa ya ɗara na ƙa'ida da digiri ɗaya kacal ya daɗe makonni, murjani kan kori gansakukar da ke ciyar da shi, ya yi fari fat, in abin ya ci gaba ya mutu. Hakan ya faru a 2010 a wajen Suwal, arewa da Jidda, ya sake faruwa da tsanani a 2015 a kudu wajen Lis. Masana a jami'ar Sarki Abdullah ta kimiyya da fasaha, wadda aka buɗe a Suwal a 2009, da na sashen ilimin teku na jami'ar Sarki Abdul'aziz da ke Obhur, suna bin lamarin. An lura murjanin can arewa, wajen Aƙaba, yana jure zafi fiye da na ko'ina, kuma bayanin da ya fi karɓuwa shi ne kakanninsa sun shigo ne bayan zamanin ƙanƙara ta ruwan kudu mai tsananin ɗumi, wanda ya tace su, mai juriya kaɗai ya wuce. Na tsakiya da kudu ba shi da wannan sarari, ya riga ya kusa iyakar abin da zai ɗauka. A kusa da birnin kuma cike gaɓa da ƙasa don gine-gine da dattin gari sun dusashe ruwan da a da ake ganin ƙasansa.

Tashar Jidda ta yau an yashe hanyoyinta, an kafa fitilu da alamu, amma har yanzu babban jirgi ba ya shiga sai jagora ɗan gida ya hau shi. Ƙananan jirage na da na'urar nuna wuri, sai dai a tarin duwatsun da ke kudu da Lis taswira ba ta kama kowane kan murjani ba, kuma mai hankali har yau yakan tsayar da mutum a goshi, ya jira rana ta koma bayansa. Masu binciken ma, in za su nemi wani shi'ib da ba ya cikin takardunsu, masunci suke ɗauka. Waɗanda suka yi aikin da filafilai, babu inji, sun kusa ƙarewa. Haka ma tsofaffinmu da suka haye a sambuk suna yara, a Jidda, da unguwannin Makka, da Mai Wurno, da Kano. Ya kamata sassan tarihi na jami'o'inmu, Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo, su tura ɗalibai da rakoda su tambaye su daga wace marsa suka tashi, a wane wata, kwana nawa suka yi a ruwa, da inda aka sauke su.